Kalmomin da ke Riƙe da Kiran Waya: Jagora daga Sallama zuwa Ajiye Waya

A shekarar 1930 wasu ma'aikatan kamfanin tarho na Bell a Amurka su uku, French da Carter da Koenig, suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan maganar da mutane ke yi a waya. Sun tattara kalmomi kusan 80,000 daga kiraye-kirayen da suka bi ta birnin New York, suka zauna suka ƙirga. Sai suka tarar duk wannan tulin magana da kalmomi daban-daban 2,240 kacal aka gina shi, kuma biyun da suka fi kowace yawan fitowa su ne na Turancin da ke nufin "ni" da "kai". Su injiniyoyi ne, burinsu su san irin sautukan da ya kamata waya ta iya ɗauka. Amma abin da suka gano ya wuce injiniyanci, ya kuma wuce Turanci.

Ka tsaya a tasha ko bakin kasuwa ka kasa kunne ga mai waya da Hausa, rabin abin da za ka ji daga bakinsa bai wuce "to", "eh", "na'am", "lafiya lau", "ina ji", "in sha Allahu", "shi ke nan" ba. Dalili a fili yake. A waya ba a ganin fuska. Gyaɗa kai, murmushi, russunawa, sunkuyar da kai gaban babba, duk ba sa bin layi. Waɗannan ƙananan kalmomin su ke ɗaukar aikin da fuska da jiki suka saba yi. Wanda ya iya ajiye su a muhallinsu zai gama kiransa cikin mutunci, an fahimce shi, bai ƙona kati a banza ba. Wanda bai iya ba, sai ka ji an ce wane ba shi da ladabi, alhali bai zagi kowa ba.

Mataki na farko: kafin ka danna lamba

Faɗa wa kanka abin da ya sa za ka kira, a jimla guda. "Ina so in san ko kayan sun iso." "Zan tambayi jikin Inna." Wanda bai yi haka ba shi ne za ka ji yana ta "wato", "kamar dai", "ka gane ko" har kati ya ƙare bai kai ga magana ba. In akwai lambar asusu ko kwatancen gida a cikin zancen, rubuta a takarda tun yanzu, domin wayar da ka adana su a ciki ita ce za ta kasance a kunnenka.

Sannan ka dubi agogo. Kauce wa lokutan salla, da lokacin buɗa-baki in ana azumi. Kiran tsakar dare kuwa yana tsinka zuciya, don an saba ba ya zuwa sai da mummunan labari. In za ka kira wata ƙasa, ka tuna Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya ne, Ghana tana bayanmu da awa ɗaya, Sudan tana gaba da awa ɗaya, Saudiyya kuma da awa biyu. Ƙarfe goma na dare a Kano, sha biyu ne ga alhajin da ke Makka.

Mataki na biyu: buɗe kira da faɗin ko kai wane ne

Ƙarar waya tamkar ƙwanƙwasa ƙofa ce, kuma mai ƙwanƙwasa shi ke da nauyin sallama da faɗin sunansa. "Halo" da ake cewa a Najeriya, ko "alo" a Nijar, aikinta guda ne, wato tabbatar da cewa layi ya haɗu. Ba ta maye gurbin sallama. Tsakanin abokai ta wadatar. Ga babba kuwa, ko wanda ba ka saba da shi ba, fara da "Salamu alaikum", ka dakata ya amsa, kada ka haɗiye amsarsa da gaggawarka.

Da ya amsa, faɗi sunanka da abin da zai sa ya gane ka: "Ni ne wane, ɗan wane na unguwa kaza", ko "Ni ce wance, wadda kuka ba ɗinki ranar Talata". Kada ka dogara da cewa lambarka na cikin wayarsa. Wayoyi suna ɓata, ana sauya layi, tsofaffi da yawa kuma ba sa karanta sunan da ya fito.

Abu biyu nake roƙo a daina. Na farko, ka kira mutum da kanka sannan ka tare shi da "Wa ke magana?" Kai ka zo, kai za ka fara bayani. In kana shakkar ko shi ne, ka ce, "Don Allah da wane nake magana?" bayan ka faɗi naka sunan. Na biyu shi ne wasan nan na "Ka gane mai magana?" ko "Ashe har ka manta da ni?" Yana jefa mutum cikin kunya ba gaira ba dalili, kuma kamar yadda za mu gani a gaba, ita ce ƙofar da mayaudara suka fi shiga ta cikinta.

In kai aka kira ba ka gane muryar ba, akwai hanya mai laushi: "Yi haƙuri, ban ɗauki muryar ba", ko "Lambar ba ta cikin wayata, wa ke magana don Allah?" In kuskure ne, "Ina jin an yi kuskuren lamba" ta isa, shi kuma ya ce "A yi haƙuri", kowa ya kama gabansa.

Mataki na uku: gaisuwa, da sanin tsawonta

Lokacin da wayar salula ta fara aiki a Najeriya a 2001, da minti ake cajin kira, ko da daƙiƙa kaɗan ka yi. Sai a 2003 kamfanin Glo ya shigo da caji da daƙiƙa, sauran kamfanoni suka bi. Waɗanda suka riƙe waya a wancan zamani sun koyi dunƙule gaisuwa cikin numfashi ɗaya, "ina kwana ya gida ya aiki", ba tare da jiran amsa ba, kuma ɗabi'ar ta zauna har yau. Ni dai ban yarda gaisuwa asarar kati ba ce. A cikinta ake jin ko mutum yana cikin walwala ko damuwa, ko yana da sarari ko yana tsakiyar hidima, kuma wannan shi zai nuna maka yadda za ka shigo da buƙatarka.

Abin da ake so shi ne a auna. Direban da ka kira sau uku tun safe, "Sannu da ƙoƙari, kun kai ina?" ta ishe shi. Abokin ciniki, ba shi biyu ko uku: "Ina wuni, ya kasuwa, ya iyali?" Iyaye da surukai da malamai kuwa ba a yi musu ƙoro. A bi ta kwana, da gida, da gajiya, da sanyi ko zafi ko ruwa, kowace tambaya a jira amsarta. Amsoshin sanannu ne: "lafiya lau", "alhamdu lillahi", "mun gode Allah", "ba gajiya", "lokacinsa ne", "ruwa ya yi gyara".

Ka lura da wani abu. "Lafiya lau" ta farko ba rahoton lafiya ba ce, ko mutum yana kwance a asibiti ita zai fara faɗa. "Da sauƙi" ma haka take, ana faɗinta ko jiki ya tsananta. In da gaske kana son sanin halin da mara lafiya ke ciki, sai ka sake tambaya ta wata fuska bayan gaisuwa ta lafa: "Ya samu barci jiya?" "Yana iya cin abinci?" "Me likita ya ce?" A nan gaskiya ke fitowa.

Girmamawa kuma, tun da ba za a ga durƙusonka ba, sai ta koma cikin lafazi. Kira mutum da matsayinsa: Baba, Inna, Umma, Kawu, Baffa, Gwaggo, Yaya, Malam, Hajiya, Alhaji. Maimakon "ka tashi lafiya?" ka ce "kun tashi lafiya?" ko "an tashi lafiya?" Ga malami, "Allah gafarta Malam". Ga mai sarauta ko shugaba a wurin aiki, "ranka ya daɗe" ko "ranki ya daɗe", ko "Yallaɓai". Sassauta murya, rage sauri. Alkunya ma tana nan a waya yadda take a zaure: matar da ba ta faɗin sunan mijinta ko ɗanta na fari ba za ta fara ba don tana riƙe da waya, kuma wanda ya kira gidan surukai zai ce "mutanen gidan" ko "maigidan", a gane.

Kafin ka wuce gaisuwa, tambayi sarari: "Ina fata ban katse muku wani abu ba?" In ka ji ƙarar mota, tambaya kai tsaye ko tuƙi yake. In ya ce eh, ce masa "Bari sai ka tsaya", ka ajiye.

Mataki na huɗu: shiga magana

Kalmar da ke buɗe wannan ƙofa ita ce "dama". "Dama kira na yi in ji ko kayan sun iso." "Dama wata 'yar magana ce." Da mutum ya ji ta ya san gaisuwa ta ƙare. Ga babba, sau da yawa shi zai ba ka hanya da "To, lafiya dai ko?" Amsa masa nan take da "Lafiya lau, alheri ne" kafin ka shiga bayani, kada ka bar zuciyarsa a rataye. Daga nan faɗi jimlar nan da ka shirya, sannan bayani ya biyo. Masu fara dogon tarihi kafin su faɗi abin da suke so suna gajiyar da mai sauraro, kuma in layi ya yanke a tsakiya an tashi a tutar babu.

Mataki na biyar: sauraro da baki

Wannan shi ne matakin da aka fi raina wa, kuma a ganina ya fi sauran muhimmanci. In kuna zaune ido da ido, shirunka ladabi ne. A waya, shirun da ya ɗan yi tsawo yana sa mai magana ya tsaya ya ce "Halo? Kana ji na?" don bai san ko layi ne ya yanke ko ranka ne ya ɓaci ba. Saboda haka dole ka riƙa jefa ƙananan kalmomi a gaɓoɓin maganarsa, kuma kowace da inda ta dace.

"To" ita ce uwa. Gajeriyar "to" tana nufin na ji, ci gaba. In aka ja ta, "tooo", mamaki ne ko an fara gano bakin zaren. "To, to, to" a jere da sauri tana gaya wa mutum ka ƙosa, don haka kada ka yi wa babba ita. "To fa" tana nuna an ji abin da ba a so. "To shi ke nan" kuma shelar rufewa ce, in ka faɗe ta da wuri mutum zai ɗauka korarsa kake yi. Babban haɗarin "to" shi ne ana iya ɗaukarta a matsayin amincewa alhali kai "na ji" kake nufi. Mutum ya ce zai aiko a karɓi buhu goma bashi, ka ce "to" don kana sauraro, gobe sai ga ɗan aike a ƙofar shago. In magana ta shafi kuɗi, ko aure, ko alkawari, kada ka bar "to" ita kaɗai. Cika ta: "To, na ji, amma ban amsa ba tukuna", ko "To, na yarda".

"Na'am" ita ce amsar girmamawa in an kira sunanka, kuma ita ta fi dacewa ka riƙa jefawa in babba na yi maka bayani ko faɗa. In ka ɗaga ƙarshenta kamar tambaya, "na'am?", ta zama roƙon a maimaita, kuma ta fi "me?" ko "eye?" nesa ba kusa ba. "Eh" da "a'a" na tsara ne da na ƙasa. Ga babba a raka su da wani abu: "Eh, haka ne, Baba", "A'a, ranka ya daɗe, ba a kai ga yi ba". Gunanin nan na "mm" da "uhm" kuwa a bar wa abokai. A kunnen dattijo yana kama da raini, a layi mara kyau kuma ba a bambanta na yarda da na ƙi.

Sai kalmomin da ke nuna zuciyarka na tare da shi. In labari mai daɗi ne: "madalla", "ma sha Allah", "barka", "kai, na ji daɗi". In na tausayi ne: "Allah sarki", "assha", "wayyo", "subhanallahi". In yana kawo hujja: "haka ne", "gaskiya ne", "ƙwarai kuwa". Kada ka riƙe guda ɗaya kana ta maimaitawa. Wanda ke cewa "madalla" a kowace gaɓa, wata rana zai faɗe ta a kan labarin rasuwa, kuma daga nan za a san tun farko hankalinsa ba ya wurin.

Mataki na shida: in layi ya lalace

Layin waya na gargajiya ba ya ɗaukar muryar mutum gaba ɗayanta. Yana ɗaukar sautin da ke tsakanin hertz 300 da 3,400 ne (hertz ma'aunin kauri da sirantakar sauti ne), ya zubar da sauran. Shi ya sa sautuka irin su "s" da "f" ke rikicewa a waya ko da sabis na da kyau. Kiran intanet irin na WhatsApp yakan fi fitar da murya, amma yana da nasa ciwon, wato jinkiri, har ku riƙa yin karo kuna magana lokaci guda.

Ɗaga murya ba ya gyara ko ɗaya daga ciki, sai dai ya sanar da duk motar haya sirrinka. Rage sauri ya fi. Kalmomin wannan hali kowa ya san su: "Kana ji na?", "Ina jin ka", "Muryarka tana yankewa", "Sabis ba kyau", "Bari in fita waje", "Bari in sake kira". Abin da mutane ba sa yi shi ne faɗin inda suka tsaya. Maimakon "ban ji ba" kawai, ka ce, "Na ji har inda ka ce motar ta tashi daga Maraɗi, daga nan ya yanke." Ka hutar da shi maimaita komai daga farko. In kira ya yanke, wanda ya kira shi ke sake kira. In kuma babba ne ya kira ka, yi maza ka riga shi. In duka biyu kuka yi ta danna wa juna a lokaci ɗaya, kowa zai ji layi a cike.

Mataki na bakwai: lamba, kuɗi, suna, wuri, lokaci

A nan ake asara, don haka a nan za a fi natsuwa.

Lambar salula a Najeriya lambobi 11 ce, lambar asusun banki 10, lambar waya a Nijar kuma 8. Sanin wannan kaɗai zai sa ka gane in an tsallake ɗaya. Kada ka zubo lamba a numfashi ɗaya. Yanka ta gida-gida, ta Najeriya huɗu, uku, huɗu, ta Nijar bibbiyu, kana dakatawa ya ce "to" bayan kowane gida. "Biyu" da "biyar" suna kama a layi mara kyau, haka "bakwai" da "takwas". Masu karanto lamba da Turanci kuma sun san yadda sha biyar da hamsin ke rikicewa a wannan harshe. Maganin duka ɗaya ne: wanda ya rubuta ya karanto, mai lamba ya ce "daidai". In asusu ne, ƙara tambaya ɗaya, "Wane suna zai fito?", kada ka tura sai sunan da ya fito ya dace da wanda aka faɗa maka. In kana ba wanda ke waje lambarka, ka tuna masa ta Najeriya da +234 take farawa a jefar da sifirin farko, ta Nijar kuma da +227.

Kuɗi ya fi lamba haɗari, musamman tsakanin 'yan kasuwar Najeriya da na Nijar. A Nijar da dala ake ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, don haka "dala ashirin" sefa 100 ke nan, "jika" kuma sefa 1,000. A Najeriya tsofaffin 'yan kasuwa in sun ce "jaka" naira 200 suke nufi. Ga kuma ɗabi'ar yanke adadi: mai hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano ya ce maka "arba'in da biyar", yana nufin dubu arba'in da biyar, wani mai saye kuma ya ji wani abu daban. Faɗi adadi cikakke, da sunan kuɗin, da abin da aka saya da shi: "Naira dubu arba'in da biyar kowane buhu, buhu goma, ban da kuɗin mota." Shi ma ya maimaita. Bayan kun ajiye, tura masa a rubuce ko a saƙon murya, don a samu abin komawa in an yi musu.

Sunaye ma haka. Hassan da Hussaini, Usman da Umar, Sani da Sale, duk suna iya musanya a kunne. Haɗa da sunan uba ko laƙabi. Wuri kuma kada a tsaya a rabin suna. "Birni" kaɗai ba ta isa ba, akwai Birnin Kebbi da Birnin Kudu da Birnin Gwari da Birnin Ƙonni. Tudun Wada da Sabon Gari kuwa garuruwa da yawa suna da nasu. Faɗi gari, faɗi unguwa, faɗi alamar da ba ta motsi, kamar masallacin Juma'a ko gidan mai ko makaranta.

Lokaci shi ne inda muka fi yi wa juna sassauci har ya zama cuta. "Ina zuwa" a bakin Bahaushe tana iya nufin dakata kaɗan. "Ga ni nan", "na kusa", "ina hanya" kuwa kowa ya san ana faɗinsu tun ba a sa takalmi ba. In kai ne mai jira, kada ka tambayi "ka kusa?", tambayi "kana daidai ina yanzu?" In kai ake jira, faɗi gaskiyar inda kake, wanda ya san saura awa guda zai iya yin wata hidimar. Sa lokaci da salla yana da kyau don kowa ya san shi, amma "bayan la'asar" tana da faɗi har zuwa magariba, sai a ƙara "da an sallame" ko a faɗi ƙarfe. "Jibi" da "gata" kuma a raka su da sunan rana.

Mataki na takwas: alkawari da ƙi

Ba mu cika son cewa "a'a" ƙiri-ƙiri ba, a waya ma haka. "Bari mu gani", "sai yadda ta yiwu", "za mu yi waya", "zan neme ka", sau da yawa ƙi ne cikin mutunci, kuma mai hankali yakan gane ya janye. Matsalar tana zuwa ne in mai buƙata bai gane ba, ya zauna yana jira, yana ta kira ana ƙin ɗauka. In ka san ba za ka iya ba, akwai lafazin da ke ƙi ba tare da wulaƙanci ba: "Wallahi da da hali da na yi, amma a yanzu babu. Kada in sa ka jira." Ɗacinta na minti ɗaya ne.

"In sha Allahu" kuwa kalma ce mai girma, kuma abin takaici ne yadda wasu suka mai da ita mafaka ga abin da ba su da niyyar yi. Faɗe ta a kan abin da ka ƙudurta, ka haɗa ta da rana: "In sha Allahu ranar Alhamis zan turo."

Mataki na tara: labari mai nauyi da kiran gaggawa

In rasuwa za ka sanar, fara da sanin inda mutum yake da wanda ke kusa da shi. Kada ka faɗa wa mai tuƙi, ko mace mai tsohon ciki da ke ita kaɗai, ko dattijo mai hawan jini. Nemi wani na kusa da su ya je da ƙafarsa. In dole kai za ka faɗa, gajarta gaisuwa, ka shimfiɗa da "sai haƙuri", sannan ka faɗa a sarari: "Allah ya yi wa wane rasuwa." Kada ka tsaya a "jiki ya tsananta" in an riga an rasu, har mutum ya kamo hanya da fatan zai tarar da shi. Ba shi lokaci ya yi "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un", sannan ka faɗi lokacin jana'iza da wurinta. Mai kiran ta'aziyya kuma kalmominsa kaɗan ne: "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, Allah ya ba ku haƙuri." Ba a haɗa ta da wata buƙata a kira ɗaya.

Kiran gaggawa shi kaɗai ne inda ake ajiye gaisuwa gaba ɗaya. A Najeriya akwai 112 ta gaggawa da 122 ta hukumar kiyaye haɗurra, a Nijar 17 ta 'yan sanda da 18 ta 'yan kwana-kwana. Fara da wuri, don in layi ya yanke an san inda za a nufa. Sai abin da ya faru, sai yawan mutanen da abin ya shafa. Kada ka ajiye sai an ce ka ajiye.

Mataki na goma: gane muryar mayaudari

Mayaudari ya san duk abin da ke sama, da shi yake aiki. Zai yi sallama mai kyau, ya ce "ranka ya daɗe", ya ce "ba ka gane ni ba?" har kai da bakinka ka ba shi sunan wani ɗan'uwanka ya ɗauka. Ko ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka yau in ba ka karanto lambar da aka turo maka ba. Kalmominsa su ne "yanzu-yanzu", "kada ka kashe", "kada ka gaya wa kowa". Banki ba ya neman lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka ta saƙo a waya. Amsarka guda ce: "Zan je reshe da kaina." In an ce ɗanka ko ƙaninka ya yi haɗari a turo kuɗi, ce "Bari in kira ka", ka ajiye, ka kira shi wanda aka ambata ko wanda ke tare da shi. A koya wa iyaye tsofaffi waɗannan jimloli biyu, don kunyar katse baƙo ita ke sa su biye masa.

Mataki na ƙarshe: rufewa

Rufewa hawa uku ce. Da farko maimaita abin da aka tsayar: "To, Alhamis bayan azahar ke nan, a shago." Sai godiya da saƙon gaisuwa: "Na gode, Allah ya saka da alheri, a gaida mutanen gida", shi kuma ya ce "Za su ji". Sannan sallama: "Sai an jima", "Sai da safe", "Allah ya kai mu", "A huta lafiya". Iyaye sukan rufe da addu'a, "Allah ya yi albarka", kuma ba a katse ta. Ka tsaya kana "amin" har su gama. Tsakanin tsara, wanda ya kira shi ke fara kawo "to shi ke nan". Da babba kuwa, bar shi ya sallame ka, ka kuma ɗan jira ya riga ka ajiyewa. In katinka na gab da ƙarewa, faɗa tun da wuri, "Katina ya kusa ƙarewa, in ya yanke a yi haƙuri", don kada a ɗauka kashe masa waya ka yi. Bayan ka sauke ta daga kunne, dubi fuskar wayar ka tabbata kiran ya yanke kafin ka juya ka yi wa na kusa da kai magana.